Yaron da Ban Ji Ba

Shekara 35 na yi a tsaye gaban allo. Na fara a 1984 da aji uku na firamare, ina saurayi ɗan shekara 22, na ajiye aiki a 2019 ina shugaban makaranta, gemu ya yi fari fat. Ranar da aka shirya min taron bankwana, an miƙo min lasifika aka ce in faɗi abin da na koya a tsawon wannan zama. Na miƙe, na yi godiya, na nemi gafarar kowa, na koma na zauna. Jama'a suka ɗauka kuka ne ya ci ƙarfina. Abin da ke bakina ne ba na wurin biki ba. Shi nake so in rubuta yau, ko Allah zai sa ya isa ga wani matashin malami tun bai taka inda na taka ba.

A kwalejin horar da malamai an koya mana abubuwa masu amfani: yadda ake rubuta shirin darasi, a fitar da manufa, a tanadi kayan koyarwa, a rufe da tambayoyin auna fahimta. An koya mana rubutu a allo ba tare da layi ya gangara ba, da yadda ake cika rajista. Na fita da sakamako mai kyau, ina ji a raina babu abin da ya rage min. Abin da ban fito da shi ba shi ne yadda mutum zai gane cewa yaron da ke zaune a gabansa, yana kallonsa, yana gyaɗa kai, bai fahimci komai ba.

Ranar farko hedimasta, dattijo mai kirki, Allah ya jiƙansa, ya kira ni ofis ya ɗora abu uku a kan tebur: kwalin alli, rajista, da tsumagiya. Ya ce, "Malam, yara 74 ne a ajinka. Biyun farko kayan aikinka ne. Ta ukun ita za ta riƙe maka ajin." Na ce, "To, ranka ya daɗe," na kwashe duka. Ba mugunta ce ta sa ya faɗi haka ba. Haka aka koyar da shi, haka aka koyar da ni, babu wanda ya taɓa tsayawa ya tambaya.

Ga yadda darasina yake tafiya a lokacin. In rubuta jimla a allo, in nuna ta da sanda, in karanta, yara su amsa gaba ɗaya da murya mai girgiza rufi. Sau uku, sau biyar, sau goma. Sannan in juyo in ce, "Kun gane?" Su ce, "E, Malam!" In ce, "Akwai mai tambaya?" Su ce, "Babu, Malam!" In goge allo in wuce gaba. In na jefa tambaya, hannaye shida ko bakwai ne ke tashi, kullum su ɗin ne, kullum a bencin gaba. In zaɓi ɗaya ya ba da amsa daidai, zuciyata ta yi sanyi. Kowane zango ina kammala manhaja tun kafin jarrabawa. Sufeto ya zo ya duba littafin shirin darasina, ya sa hannu da jan biro, ya yaba da yadda ajina yake tsit, ko tari ba ka ji. Cikin shekara uku aka fara misali da ni a taron malamai.

A shekarata ta huɗu ya shigo ajina. Ba zan faɗi sunansa ba. Yaro ne dogo, siriri, ya ɗan girmi 'yan ajin, shekarunsa kamar goma. Da yake bisa tsawo nake zaunar da yara, sai ya faɗa bencin ƙarshe, a kusurwa, taga tana hagunsa. Kullum kansa a karkace yake. Rubutunsa ya fi na kowa kyau. Duk abin da na sa a allo zai kwafe shi tsaf, har da wurin da allina ya karye ya bar ɗigo. Lissafin da aka rubuta a allo yana cinye shi. Amma ranar shifta sifiri yake ci, ko ya miƙo takarda fara, ko ya cika ta da kalmomin da ban faɗa ba. In ana kiran rajista ba ya amsawa sai na kusa da shi ya zungure shi. Akwai auduga a kunnensa kusan kullum, yara kuma ba sa son zama kusa da shi, suna cewa yana wari. Duk na ga waɗannan da idona. Na haɗa su wuri guda na yanke hukunci: yaro ne mai ƙwaƙwalwa amma mai taurin kai, ƙazami, kuma ya raina ni.

Wata ranar Talata, bayan an dawo daga tara, ina rubutu na ba aji baya, na kira sunansa ya zo ya karɓi littafinsa. Shiru. Na sake kira. Shiru. A na uku na ɗaga murya, yara suka fara dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar nan ce ta hau min kai. Na ajiye alli na ɗauki tsumagiya na taka har bencinsa. Yana sunkuye yana kwafar abin da na rubuta, sai inuwata ya gani a kan takardarsa ya ɗago. Na ce ya miƙo hannu. Ya miƙo. Abin da ban manta ba har gobe shi ne idonsa. Yara in za a doke su bulalar suke kallo, shi kuwa bakina yake kallo. Ya ce, "Malam, ban ji ba." Na ce, "Yau za ka ji." Na yi masa shida.

Bai yi kuka ba. Ya ɗauki fensirinsa da hannun da ya tashi ya ƙarasa layin. Ya zo washegari, ya zo makon da ya biyo, daga nan na fara sa masa alamar rashin zuwa a rajista. Kwana uku, mako biyu, wata guda. Ban aika gida ba. A raina na ce dama ba karatun yake so ba.

Wata safiya wata tsohuwa ta tsaya a bakin ajina da littafin karatu na makaranta a hannu. Na fita muka gaisa. Ta ce ita ce kakarsa, ta dawo da littafin hukuma ne kada ya zama hakki a kansu. Na ce, "Iya, ina yaron? Me ya hana shi zuwa?" Ta ce an tura shi wurin 'yan uwa a wani gari mai nisa ya koyi sana'a, tunda boko ya ƙi shi. Na fara ba ta labarin taurin kansa. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Malam, ai kunnen ne. Tun yana goye yake zubar da ruwa. Na daman ya mutu tuni, na hagun ne ke ɗan ji, shi ma sai an matso. Shi ya sa kuka ga yana karkata kai."

Na tsaya kamar an dasa ni. Kunnen da ya rage masa shi na juya wa taga, inda hayaniyar fili ke shigowa. Ni na zaunar da shi a can. Da ƙyar na ce, "Iya, me ya sa ba ku gaya min ba?" Ta dube ni, babu fushi a fuskarta, ta ce, "Mun ɗauka kun sani, Malam. Ai ku ne masu ilimi."

Na karɓi littafin, daga baya na biya makaranta kuɗinsa na riƙe shi. A ƙarshen mako na nemi gidan na je, na roƙi a dawo da shi, na ce zan sa shi a bencin gaba. Suka yi min godiya, suka ce magana ta riga ta wuce. Bayan shekara guda iyalin ma suka tashi. Ban sake ganinsa ba.

Daga baya na karanta cewa ciwon kunne mai zubar da ruwa, in ya daɗe ba magani, yana lalata dodon kunne ya rage ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne a duniya ke fama da raunin ji mai nakasarwa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a yara abu ne da za a iya karewa. Duk sanda na ga wannan adadi, fuska ɗaya nake gani, tana kallon bakina.

Na yi makonni barci ba ya ɗaukata sosai. Wadda ta lura ita ce malamar aji ɗaya, dattijuwa da ta isa haihuwata, wadda duk muke kira Malama Babba. Ajinta ne mafi surutu a makarantar, kuma a ɓoye ina ganin ba ta iya riƙe aji ba. Na zauna na ba ta labari duka. Ba ta rarrashe ni ba. Ta ce, "Ɗana, wannan ka gano nasa ne don kakarsa ta zo. Sauran saba'in ɗin fa, wa zai zo ya gaya maka nasu?" Ta ce in yanyanka kwali, in rubuta kalmomi goma daga darasin da nake ganin sun fi iyawa, in hargitsa su, in riƙa kiran yara ɗaya-ɗaya waje, inda babu muryar da za su bi.

Kwana huɗu na yi ina wannan gwaji a baranda. Na fara da wata yarinya da ke cikin masu ƙarfin murya. Na buɗe mata littafi a shafin darasin, ta karanta shi daga sama har ƙasa ba gargada. Na rufe littafin na miƙa mata kwali ɗaya, kalma mai harafi huɗu, daga layin farko na shafin da ta gama karantawa yanzun nan. Ta juya shi, ta sake juyawa, ta dube ni ta ce, "Malam, ina hoton?" Ashe hoton da ke saman shafi shi ke gaya mata abin da za ta rera. Hadda ta yi tun daga farkon littafi har ƙarshe, ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Da na gama da ajin na ƙirga: cikin yara 71, 19 ne ke iya karanta kalmar da ba su haddace ba. Wasu ashirin da wani abu sun san baƙaƙe amma ba sa iya haɗawa. Sauran ko baƙaƙen babu. Shekara huɗu ke nan ina koyar da 'yan bencin gaba, sauran suna raka su.

Shekara biyu bayan haka, a 1990, ƙasashe 155 suka taru a Jomtien ta ƙasar Tailan suka yi alƙawarin ilimi ga kowa. Na yi murna da hakan, har yanzu ina yi, domin na ga yaran da a da ba za su taɓa shiga aji ba sun shigo. Amma abin da takardun da muke cikewa ke tambaya shi ne yawan waɗanda ke cikin rajista. Babu gurbin da ke tambayar nawa ne suka iya karatu. A 2019, shekarar da na yi ritaya, Bankin Duniya ya bayyana cewa kashi 53 cikin 100 na yara a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu suna kai shekara goma ba sa iya karanta gajeren labari su fahimta. Mutane da yawa sun girgiza. Ni kwalayen nan goma sun riga sun gaya min tun shekara talatin baya.

Abu na farko da na yi shi ne ajiye tsumagiya, kuma ba zan yi ƙarya in ce a rana ɗaya na rabu da ita ba. Na ɗora ta kan kabad, hannuna ya riƙa kai kansa can. Sau biyu na sake ɗauka a zangon farko, sau biyun kuma na koma gida da nauyi a ƙirji. Ajin ya rikice. Yaran da tsoro ne kaɗai ke zaunar da su suka gane tsoron ya tafi. Hedimasta ya leƙo ya ce, "Malam, lafiya? Ajinka ya zama kasuwa." Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni zango ɗaya." Ya ba ni, Allah ya saka masa. A wannan zangon na gane yaro ba ya tayar da fitina in akwai aikin da ya iya a gabansa. Mafi yawan masu rigimar ajina waɗanda darasi ya wuce ne tun shekara biyu baya, suna zaune awa biyar kullum suna sauraron abin da ba ya shiga. Ko babba aka yi wa haka sai ya tsokani na kusa da shi.

Na daina zaunar da yara bisa tsawo. Makon farko na kowace shekara na mayar da shi makon ido da kunne. In tsaya a bayan yaro, in sa ya toshe kunne ɗaya, in raɗa lamba ya maimaita, sannan a koma ɗaya kunnen. In rubuta haruffa manya da ƙanana a kwali, irin allon gwajin idon da likitan Holan ɗin nan, Snellen, ya fito da shi a 1862, in auna mita shida in tsayar da yaro ya rufe ido ɗaya ya karanta. Ni ba likita ba ne. Nawa shi ne in gano wanda ya kamata a kai asibiti, in kira iyayensa, in dawo da shi gaba. Babu shekarar da ban samu biyu ko uku ba. Kuma tun ranar da tsohuwar nan ta tsaya a bakin ajina ban sake magana ina fuskantar allo ba. In zan rubuta in yi shiru in rubuta, in zan yi magana in juyo a ga bakina.

Karatu kuwa, na ware masa rabin awa kowace safiya kafin a shiga manhaja. Na raba ajin gida uku bisa inda kowa ya tsaya: masu koyon baƙaƙe da wasula, masu haɗa gaɓa, masu karanta jimla. A ɗauki "ba" a haɗa da "ki" a ga "baki" ya fito. Da harshen da yaro ke magana da shi a gida muke farawa, domin wanda ya gane cewa alamar da ke kan takarda sauti ce ya gane ke nan har abada, kuma da wannan ganewar zai shiga kowane harshe. Shekaru da yawa bayan haka na ji cewa ƙungiyar Pratham a Indiya ta gina babban shiri a kan wannan dabara ta koyar da yaro daga matakin da yake, har masu bincike suka auna suka ga tana aiki. Na ji daɗi ƙwarai. Ni dai a wurin Malama Babba na koya, wadda ba ta taɓa rubuta ko shafi ɗaya a kan abin da ta sani ba.

A mako na bakwai na hango yarinyar nan mai neman hoto tsaye a gaban allon sanarwa, leɓenta na motsi. Can sai ta kwaso da gudu ta faɗo aji ko izini ba ta nema ba, ta ce, "Malam, an rubuta gobe babu makaranta, kuma babu hoto!" Na bi ta muka je na duba. Haka aka rubuta.

Wani abin kuma a taron ƙara wa juna sani na tsince shi. Mai jawabi ya ba mu labarin wata malamar kimiyya a Amurka, Mary Budd Rowe, wadda ta naɗi darussa masu yawa ta auna tsawon shirun da malami ke yi bayan ya yi tambaya. A 1972 ta bayyana cewa yawanci sakan ɗaya ne kacal, in yaro bai amsa ba malami ya wuce ga wani ko ya amsa da kansa. In aka tsawaita jiran ya kai sakan uku ko fiye, amsoshi suna ƙara tsawo, kuma yaran da ba sa magana suna fara magana. Na koma aji na gwada. In yi tambaya, in yi shiru, in ƙirga biyar da yatsuna a baya. Sakan biyar a gaban yara saba'in akwai tsawo. Amma a na huɗu ko na biyar sai ka ga wani hannu can baya yana tasowa a hankali, rabi-rabi, kamar mai tsoron a gan shi. Hannayen nan suna nan tun fil azal, ni ne ban taɓa jiransu ba.

Kada mai karatu ya zaci daga nan komai ya miƙe. Akwai shekarun da albashi ke yin wata uku, wata huɗu bai zo ba. Akwai daminar da muka yi a ajin da rabin rufinsa ya yaye, muna matsar da benci duk inda ruwa ya bi. Sau ɗaya na rubuta takardar ajiye aiki, ta kwana uku a aljihuna. Maiɗakina, Allah ya saka mata da alheri, ta ce, "Malam, in ka bari ba zan ga laifinka ba. Amma na san ka, duk inda ka je rabin hankalinka yana bencin baya." Na yaga takardar. Ban taɓa ganin laifin wanda ya tafi ba. Malami mutum ne, yana da 'ya'ya, kuma al'ummar da ta bar malaminta cikin ƙunci ba ta da bakin tambayarsa me ya sa yara ba su iya ba. Tun 1994, duk 5 ga Oktoba ana bikin Ranar Malamai ta Duniya. Abin da nake roƙa wa na bayana a wannan rana shi ne a biya su a kan lokaci, a rage musu yara daga saba'in zuwa arba'in.

Da aka ba ni shugabancin makaranta, jarrabawa ce ta zama filin daga. A shekarar farko wasu iyaye, da wani jami'i da ke sama da ni, suka nuna min a fakaice cewa a taimaka wa yara a ɗakin jarrabawa kamar yadda aka saba, kada sunan makaranta ya zube. Na ƙi. Sakamakon shekarar ya faɗi warwas, aka yi ta magana, kafin zango ya ƙare takardar canjin wurin aiki ta same ni, zuwa makarantar da ba wanda ke son zuwa. Na ji zafi, ba zan ɓoye ba. Amma satar amsa ita ce "E, Malam" ɗin nan da ta girma: takarda ta ce yaro ya iya, kowa ya gyaɗa kai, a tura shi gaba da duhunsa. Na riga na san inda wannan hanya take kaiwa.

Shekara tara na yi a makarantar da aka tura ni. A can ne wata rana na ji ƙarar bulala daga aji biyu. Sabon malami ne, watansa biyu, mai ƙoƙari, ni sak a 1984. Ban shiga na kunyata shi a gaban yara ba. Bayan an tashi na kira shi ofis, na buɗe durowa na fito da littafin nan da tsohuwa ta kawo. A cikinsa akwai takardar da yaron ya bari, kwafin darasin ranar Talatar nan: layi bakwai da rubutu mai kyau kamar na inji, layi na takwas yana rawa. Na ba shi labarin tun daga farko. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Baba, to in ba bulala, da me zan riƙe su?" Na ce, "Gobe ka zo da kwali da almakashi." Kusan duk sabon malamin da ya biyo ta hannuna ya ga wannan takarda. Wasu ta shige su, wasu ba ta shige su ba.

Ban cika shekara da ritaya ba cutar korona ta rufe makarantu. A watan Afrilun 2020 ɗalibai fiye da biliyan ɗaya da rabi ne ke zaune a gida a faɗin duniya, kamar yadda UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta bayyana. Aka ce a koma karatu ta rediyo da intanet, amma yaron da bai haɗa baƙi ba rediyo ba zai riƙe masa yatsa a kan harafi ba. Da aka sassauta dokar zaman gida na jingina ɗan allo a ƙofar gidana, yaran maƙwabta suna zuwa shida-shida, nesa da juna. A rana ta farko wata 'yar shekara bakwai ta zauna, na fara magana, sai na ga ta karkata kai. Alli ya kusa faɗuwa daga hannuna. Na zagaya bayanta na raɗa lamba. Shiru. Da yamma na je wurin mahaifiyarta. Ta ce ai an gaya mata yarinyar ce ba ta da ƙwaƙwalwa. Na ce, "'Yata, a kai ta asibiti a duba kunnen, gobe-goben nan, ni zan raka ku." Likita ya samu ciwo a kunnuwan biyu, aka yi makonni ana magani, jinta ya ƙaru sosai. Yanzu ta shiga sakandare.

Waɗanda na ba labarin sukan ce, to ai ka rama, Allah ya ba ka dama ka gyara. Ni ba haka nake gani ba. Yarinyar nan hakkinta aka ba ta. Shi nasa yana nan a wuyana, don ba a biyan bashin wani a hannun wani.

Na yi cigiya. Duk tsohon ɗalibin wannan ajin da na haɗu da shi sai na tambaye shi. Wani ya ce ya ji yana ɗinki, wani ya ce kafinta ne, babu wanda ya riƙe inda yake. In yana raye yanzu ya doshi hamsin, wataƙila da 'ya'ya a makaranta. Wani dare ina kallon takardar nan sai wani tunani ya zo min wanda ya fi komai ciwo: shi ban taɓa fitar da shi baranda na miƙa masa kwali ba. Ya tafi kafin in koyi yin haka. Kyakkyawan rubutun nan, wataƙila zana shi kawai yake yi, kamar yadda yarinyar nan take rera shafi. Don haka ina roƙon duk wanda ya san wani mutum dogo, mai karkata kai in ana magana, wanda ya bar makaranta a aji uku a 1988 saboda wani malami ya doke shi, ya taimaka ya karanta masa wannan. Ya zauna ta hagunsa, ya bari ya ga bakinsa.

Ɗana, ka ce min ba ka ji ba. Gaskiya ka faɗa. Ni ne ban ji ba. Don girman Allah ka yafe min.